Tseren Ba da Rata a Dajin Kalifoniya: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Gasar Dipsea

A arewa da birnin San Faransisko na ƙasar Amurka akwai wani tseren gudu da ake yi a cikin daji da kan tsauni tun shekarar 1905, wanda a cikinsa yarinya 'yar shekara 8 ta taɓa zuwa ta ɗaya, kuma dattijo mai shekara 72 ya taɓa yin haka. Sunan tseren Dipsea, ana furta shi Dipsi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mutum yakan yi idan ya fara jin labarinsa.

Mene ne tseren ba da rata?

Tsere ne da ba a sakin masu gudu a lokaci guda. Wanda ake ganin ya fi rauni shi ake fara sallama, sai a jira wasu mintuna a saki na bayansa, a haka har a zo kan waɗanda suka fi kowa ƙarfin gudu, waɗanda su ne na ƙarshen tashi. Wanda ya riga kowa tsallake layin ƙarshe shi ne ya ci, ko da kuwa wani ya fi shi saurin kammala tafiyar a agogo.

Misali zai fi fayyace abin. A ce an ba wata mata ratar minti 20, ta yi gudunta cikin minti 70. Wani saurayi da ba a ba shi rata ko ta daƙiƙa ɗaya ba ya yi nasa cikin minti 52. Saurayin ya fi ta sauri da minti 18, amma tun da ta riga shi tashi da minti 20, za ta isa layin ƙarshe da minti 2 kafin shi, kuma ita ce za a kira gwanar ranar.

Akwai wasu hanyoyin ba da rata. A garin Stawell na Ostareliya, inda ake yin wani gajeren tsere tun 1878, wanda a yau mita 120 ne a kan ciyawa, ratar ta tazara ce, wato ana tsayar da wasu a gaban wasu kafin a busa. A tseren dawaki kuwa nauyi ake ƙara wa dokin da ya fi ƙarfi. Dipsea ya ɗauki hanyar mintuna.

A ina ake yin tseren, kuma su wa suka fara shi?

Ana tashi daga tsakiyar garin Mill Valley a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, a haura kafaɗar tsaunin Tamalpais, a ratsa gefen dajin Muir Woods, sannan a gangara zuwa Stinson Beach da ke gaɓar Tekun Pasifik. Tsawon hanyar mil 7.4 ne, kusan kilomita 12 ke nan. Ana yin gasar ranar Lahadi ta biyu a watan Yuni.

'Yan wani kulob na wasanni da ke San Faransisko mai suna Olympic Club ne suka assasa shi. A 1904 wasu daga cikinsu suka yi gardama a kan wanda zai riga isa wani masaukin baƙi da ke bakin teku mai suna Dipsea Inn, suka kuma gwada ƙafa a tsakaninsu. Abin ya yi musu daɗi, sai suka mayar da shi gasa ta kowace shekara, aka yi ta farko ranar 19 ga Nuwamba 1905. Wani ɗalibin sakandare daga Oakland mai suna John Hassard ne ya ci, kuma da rata ya ci, domin tun ranar farko da wannan tsari aka soma. Daga masaukin nan tseren ya samo sunansa.

Ana lissafa shi a matsayin tseren daji mafi daɗewa a Amurka. An tsallake shi a 1932 da 1933 lokacin karayar tattalin arziki, da 1942 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, sai kuma 2020 saboda annobar korona.

Yaya ake raba mintunan rata?

A shekarun farko ana duba kowane mai gudu ne shi kaɗai, a auna abin da aka san yana iyawa, a yanka masa mintunansa. Daga 1965 aka koma ga jadawalin da ya dogara a kan shekarun haihuwa, kuma bayan an buɗe wa mata ƙofa aka haɗa da jinsi. Mafi girman rata ita ce minti 25, wadda ake ba ƙananan yara da tsofaffin da suka manyanta sosai. Daga nan ratar tana raguwa minti ɗaya-ɗaya yayin da yaro yake girma, tana kuma ƙaruwa yayin da babba yake tsufa. Samari da ke tsakanin shekara 19 zuwa wajen 30 ba su da komai, su ne 'yan baya.

Da safiyar ranar gasa ana sallamar rukuni ɗaya a kowane minti. A rukunin farko akan ga yarinya da ba ta kai kafaɗar kowa ba tana tsaye kusa da wadda ta isa ta zama kakarta, kowace da lambarta a ƙirji. Samarin kuma suna gefe suna ɗumama jiki, suna kallon ɗaruruwan mutane suna ɓacewa a gabansu rukuni bayan rukuni, har minti 25 su cika.

Akwai ƙarin ƙa'ida guda: wanda ya ci gasar akan rage masa ratarsa a shekarun da ke biye, don kada mutum ɗaya ya mayar da kofin gadon gidansu.

Da gaske yara da tsofaffi suna cin gasar, ko dai labari ne?

Suna ci, kuma sunayensu na cikin kundin gasar. A 1973 Mary Etta Boitano, tana da shekara 10, ta zama mace ta farko da ta zo ta ɗaya. Megan McGowan ta ci a 1991 tana 'yar shekara 9, ta sake ci a shekarar da ta biyo. A 2010, wato karo na 100 da aka yi tseren, Reilly Johnson mai shekara 8 ta riga Melody-Anne Schultz mai shekara 68 isa layin ƙarshe da 'yan daƙiƙoƙi kaɗan. Su biyun a rukuni ɗaya suka tashi, shekara 60 ce tsakaninsu, kuma babu saurayi ɗaya da ya cim musu. Bayan shekara biyu Hans Schmid ya ci yana da shekara 72.

Wanda ya fi kowa yawan cin gasar shi ne Sal Vasquez, sau 7, kuma duk bayan ya haura shekara 40 ya yi su.

Wace irin hanya ce ake bi?

A nan ne za a gane dalilin da ya sa kilomita 12 na Dipsea ba a kwatanta su da kilomita 12 na kan kwalta. Bayan ɗan gajeren gudu a titin gari, ana shiga wani lambu mai suna Old Mill Park, inda matakala take jira. Hawa uku ce a jere, matakai sama da 670, tana ratsa tsakanin gidajen da aka gina a jikin tudu. Mutum bai yi nisa da wurin tashi ba amma cinyoyinsa sun riga sun ɗauki zafi, kuma matakalar ba ta da faɗi, don haka mafi yawan mutane takawa suke yi da sauri, hannu a kan gwiwa, maimakon gudu.

Daga saman matakalar ana ci gaba da hawa zuwa wata mashiga da ake kira Windy Gap, sannan a gangara zuwa Muir Woods. Dajin nan na itatuwan redwud ne, masu jan ɓawo da tsayin da ya wuce misali, domin mafi tsawo a cikinsu ya kusa mita 80. Shugaba Theodore Roosevelt ne ya sa shi ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya a 1908. A ƙasan kwarin ana tsallake rafin Redwood Creek, kuma daga nan ne aikin gaske yake farawa.

Masu gudun sun raɗa wa sassan hanyar sunaye da ke faɗin abin da ke cikinsu. Hawan farko bayan rafin sunansa Dynamite, wato nakiya. Bayansa akwai doguwar turba a fili mai ciyawa, sai a sake kutsawa cikin duhun itatuwa inda jijiyoyi suka fito saman ƙasa, har a kai ƙololuwar hanyar, wadda suke kira Cardiac, kalmar da likitoci ke amfani da ita ga abin da ya shafi zuciya. Tsayin wurin ya kai mita 415 daga matakin teku. Idan sararin sama ya washe, daga nan ake fara hango tekun; idan kuma hazon teku ya sauko, wanda ya saba yi a wannan yanki a watan Yuni, mutum ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku a gabansa.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Ana bi ta wani kwazazzabo mai suna Steep Ravine, inda akwai matakan katako da na dutse waɗanda tsayinsu bai daidaita ba, ga laima ga santsi, ga ƙafafu sun riga sun gaji. Faɗuwa da targaɗe a nan ba baƙon abu ba ne, kuma akan ga mutane sun iso ƙarshe da jini a gwiwa. Bayan an tsallake gadar da ke ƙasa, lokacin da mutum ya ɗauka hawa ya ƙare, sai ga wani ɗan tudu ya tare shi. Sunansa Insult, ma'ana cin mutunci, kuma duk wanda ya taɓa hawansa da gajiyayyun ƙafafu ba ya neman a yi masa bayanin sunan. Daga nan sai gangara zuwa Stinson Beach.

Akwai kuma wani tsiro mai guba da ke yawaita a gefen turbar, wanda idan ganyensa ya shafi fata yakan jawo ƙuraje da ƙaiƙayi na kwanaki.

Me ya sa wuce mutum ya zama babban al'amari a wannan tsere?

Saboda tsarin ya juya al'ada. A tseren da aka saba, masu sauri suna gaba, hanya a buɗe take gare su tun daga farko. A Dipsea masu sauri suna baya, kuma kafin ɗayansu ya ga gaba sai ya wuce ɗaruruwan mutane a kan turbar da a wurare da yawa ba ta ɗaukar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa. Kowane wucewa yana cin daƙiƙoƙi, yana kuma cin ƙarfi, domin dole ne a rage gudu, a yi wa na gaba magana a sanar da shi ta wane gefe za a bi, a taka gefen turba, sannan a sake ɗaukar wuta.

Na gaba kuma yana da nasa tashin hankalin. Dattijuwar da ta kai Cardiac ita kaɗai ba ta san tazarar da ke tsakaninta da masu bin ta ba, abin da ta sani kawai shi ne suna tafe kuma sun fi ta sauri. Daga nan har bakin teku kunnenta yana baya, tana sauraron ƙarar takun da zai iya fitowa daga cikin itatuwa a kowane lokaci. Ɗaya yana farauta, ɗaya ana farautarsa, kuma wannan hali shi ne ɗanɗanon da tseren rata yake da shi wanda sauran tsere ba su da shi.

Gaskiya ne an yarda a yanke hanya?

An yarda, amma a wuraren da aka amince kaɗai. A asali ƙa'idar ita ce a tashi daga Mill Valley a isa bakin teku ta duk inda mutum ya ga dama, kuma tsofaffin 'yan tseren sukan riƙe sirrin hanyoyinsu. Da jama'a suka yawaita, ƙasar kuma ta shiga hannun hukumomin kula da gandun daji, an rufe mafi yawan waɗannan yanke don kare tsirrai da hana zaizayar ƙasa. Biyu da suka shahara cikin waɗanda suka rage su ne Suicide, gangara mai tsananin tsayuwa kafin Muir Woods wadda sunanta ke nufin kashe kai, da Swoop a bayan Cardiac. Wanda ya bi su yana rage lokaci, yana kuma ƙara yiwuwar faɗuwa. Wanda ya bi ta inda aka haramta ana soke sakamakonsa.

Saboda waɗannan canje-canje, lokutan da da na yanzu ba sa auna juna daidai. Mafi saurin lokaci da aka rubuta shi ne minti 44 da daƙiƙa 49, na Ron Elijah a 1974, a zamanin da yanke ya fi yawa.

Wannan tsari adalci ne ga wanda ya fi kowa gudu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo gardama, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Saurayin da ya yi atisaye shekara guda, ya fi mutum 1,500 sauri, sannan ya zo na biyar a bayan wata dattijuwa da yara biyu, yana da hujjar jin an tauye shi. Jadawalin ma aikin mutane ne, ba a rasa inda ya ɗan karkata. Shekaru masu yawa sun wuce a jere ba tare da wani daga rukunin da ba shi da rata ya ci ba, abin da ya sa wasu suke ganin mintunan manya sun yi yawa. Masu shirya gasar sukan gyara jadawalin lokaci zuwa lokaci, kuma kowane gyara yana faranta wa wasu rai yana ɓata wa wasu.

Duk da haka, a ganina ƙorafin ya manta da abin da gasar take aunawa. Tseren da ke tantance wanda ya fi kowa sauri suna nan birjik a kowane mako, kuma amsarsu kusan kullum ɗaya ce: namiji mai shekara ashirin da wani abu. Dipsea yana tambayar wani abu dabam, wato wa ya fi fitar da abin da shekarunsa suka ba shi damar fitarwa. Matar da ta haura shekara 60 ta kuma ƙetare wannan tsauni cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba kyauta aka yi mata ba, ta yi abin da samari da yawa ba za su iya ba. Ratar tana kawo ta inda za a gan ta ne kawai. Ban da haka, ba a mance da mai sauri ba: akwai lambar yabo ta daban ga namiji da macen da suka fi kowa gajeren lokaci a agogo.

Tun yaushe mata suke shiga?

A hukumance tun 1971. Amma tun kafin nan, daga 1918 zuwa 1922, an yi wata gasa ta mata zalla a kan wannan hanya. An kira ta tattaki maimakon tsere, domin hukumar wasannin Amurka ta wancan zamani ba ta yarda mata su yi gudun dogon zango ba. Sunan dai tattaki, amma matan gudu suka yi, kuma ɗaruruwa suka shiga kafin a dakatar da ita.

Me ake ba wanda ya yi nasara?

Akwai kofuna, amma abin da 'yan tseren suka fi kwaɗayi baƙar riga ce mai gajeren hannu. Mutum 35 na farko ne kaɗai suke samunta, kowace da lambar matsayin mai ita a jiki. Wanda ya zo na 36 ya tashi a tutar babu, shi ya sa fafatawar da ake yi a kusa da wannan matsayi takan kai zafin ta neman na ɗaya.

Yaya ake samun gurbin shiga?

Da wahala. An ƙayyade yawan masu gudu a 1,500 saboda ƙuncin hanya da kare dajin, masu nema kuma sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Waɗanda suka yi ƙoƙari a bara suna da gurbinsu a ajiye, su ne suke tashi a sashen farko. Sauran guraben ana raba su ta hanyoyi dabam-dabam: waɗanda takardunsu suka riga isowa, waɗanda suka ƙara kuɗi a kan kuɗin rajista ta hanyar gwanjo, da waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu. Akan kuma saurari wanda ya rubuto dalili mai taɓa zuciya. Sabbin shiga suna tashi a sashe na biyu, bayan na farko ya gama tashi, da irin jadawalin ratar.

Ƙananan kulob da ke shirya irin wannan tsere, yaya suke lissafa rata?

Kulob mai mutum talatin ko hamsin ba ya bukatar jadawalin shekaru, domin ya san mutanensa. Akan ɗauki lokutan da kowa ya yi a tseren baya-bayan nan a kan hanya iri ɗaya. A ce mutum uku suna gama kilomita 10 na daji cikin minti 55, da 48, da 40. Mai 55 zai fara tashi, mai 48 ya jira minti 7, mai 40 ya jira minti 15. Idan lissafin ya yi daidai, su ukun za su ɓullo daga daji kusan tare, kuma wanda ya fi kansa na jiya shi zai ci. Wasu kulob suna sakin kowa a lokaci guda, su ɓoye mintunan a ambulan sai an gama a cire wa kowa nasa. Wannan yana rage cunkoso a turba, amma yana kashe farautar da ta sa tseren yake da daɗi.

Raunin wannan hanya shi ne wayo. Mutum yana iya jan ƙafa da gangan a tseren gwaji don a ba shi rata mai tsoka, ranar gasa kuma ya saki jiki. Maganin da aka saba shi ne a yi amfani da mafi kyawun lokacinsa maimakon na ƙarshe, a kuma rage ratar duk wanda ya ci nan take. Jadawalin shekaru irin na Dipsea ya tsira daga wannan matsala, tun da ba a jan ƙafa a ranar haihuwa.

Akwai wasu tsere a kan wannan hanya?

Akwai biyu. Double Dipsea zuwa da dawowa ne, kusan kilomita 22, ana tashi daga Stinson Beach. Walt Stack ne ya fara shi a 1970 tare da kulob ɗinsa na Dolphin South End Runners, kuma shi ma da rata ake yin sa. Quad Dipsea, wanda aka soma a 1983, ƙetare tsaunin sau huɗu ne, sama da kilomita 45, a watan Nuwamba, kuma babu rata a cikinsa.

Wa ya fi kowa daɗewa yana shiga?

Jack Kirk, wanda aka haifa a 1906, shekara ɗaya bayan an fara tseren. Ya shiga karo na farko a 1930, ya kuma kammala sau 67 a jere ba tare da ya tsallake ko ɗaya daga cikin waɗanda aka gudanar ba, har zuwa 2002. Ya ci sau biyu, a 1951 da kuma 1967 lokacin yana da shekara 60. A 2003, yana da shekara 96, ya sake tsayawa a layin tashi, ya hau matakalar, ya tsallake rafin, ya kai har ƙololuwar Cardiac, a nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu a watan Janairun 2007 yana da shekara 100.